Tun Ran Gini Ran Zane: Hanyar Ruwan Ƙazanta a Sababbin Unguwannin Suleja

GABATARWA

Duk wanda ya tashi gina gida, abin da yakan fara tambaya shi ne inda zai sami ruwa. Yakan nemi sanin ko famfo ya iso unguwar, ko rijiya tana tarar da ruwa kusa, ko kuwa sai an haƙa burtsatse. Amma kaɗan ne sukan tsaya su tambayi inda ruwan zai nufa bayan an gama aiki da shi. Ruwan da ya shiga gida kuwa lalle sai ya fita, ya kuma fita da dauɗar wanka da ta wanki da ta bayan gida. In ba a shirya masa hanya ba, zai nema wa kansa, hanyar da yakan bi kuwa ita ce ƙofar gidan maƙwabci, ko titi, ko rijiyar da ake sha.

An shirya wannan ɗan littafi domin mutanen Suleja da kewayenta, musamman masu yanka filaye su sayar, da masu saye, da magina, da masu unguwanni. Manufarsa ita ce a bayyana dalilin da ya sa ya wajaba a tanadi hanyar ruwan ƙazanta kafin a aza tubalin farko a sabuwar unguwa, da kuma yadda ake yin aikin.

Suleja gari ne da ya yi suna wajen ginin tukwane. A nan ne Ladi Kwali, wadda hotonta yake jikin takardar Naira 20, ta yi aikin da ya sa duniya ta san ta. Kowace maginiya ta san cewa tun yumɓu yana ɗanye ake yi wa tukunya ado, in ta bushe ba ta karɓar zane. Shi ya sa Hausawa suka ce tun ran gini ran zane. Haka unguwa take.

YADDA SULEJA TA CIKA

Abu Ja, ƙanen Sarkin Zazzau Muhammadu Makau, shi ya kafa wannan gari a 1828, aka kuwa riƙa kiran sa Abuja. A watan Fabrairu na 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar gina sabon Babban Birnin Tarayya a tsakiyar ƙasa. Sabon birnin ya ɗauki sunan Abuja, tsohon garin kuma aka sa masa Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Ma'aikatan farko na Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya a Suleja suka fara zama. Da aka maido hedkwatar ƙasa daga Ikko ranar 12 ga Disamba, 1991, sai jama'a suka yi ta kwararowa. Wanda hayar gida a Abuja ta fi ƙarfinsa, sai ya nemi masauki a Suleja, ya tafi aiki da safe ya komo da yamma. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen Ƙaramar Hukumar Suleja sun haura 200,000, tun daga nan kuwa sai ƙaruwa suke yi. Gonakin da ke wajen Kwamba da Maje da Madalla da Rafin Sanyi da Gauraka sun zama gidaje.

Akwai bambanci guda tsakanin garuruwan nan biyu da ya kamata a lura da shi. Tun a taswirar 1979 aka tsara wa tsakiyar Abuja manyan bututan ƙarƙashin ƙasa masu kwashe ruwan ƙazanta, aka shimfiɗa su kafin a gina unguwanni. Suleja kuwa tana Jihar Neja, taswirar ba ta shafe ta ba. Ta ɗauki nauyin jama'ar Abuja, amma galibin gidajenta da masai da sokawe suka dogara. Gyaran tsofaffin unguwanni aiki ne mai wuya da tsada. Inda ake da sauran dama shi ne sababbin unguwannin da yanzu ake yankawa.

MENE NE RUWAN ƘAZANTA?

Ruwan da ke fita daga unguwa iri uku ne. Na farko shi ne ruwan bayan gida, wanda ya fi kowanne haɗari domin shi ke ɗauke da ƙwayoyin cuta. Na biyu shi ne ruwan wanka da wanki da wanke-wanke, mai ɗauke da sabulu da maiƙo da guntayen abinci. Waɗannan biyu su ake kira ruwan ƙazanta. Na uku shi ne ruwan sama mai zuba daga indararo da tituna, wanda hanyarsa dabam ce, watau kwata da kwalbati.

Masana aikin ruwa sukan ƙiyasta cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na ruwan da ya shiga gida yakan fito a matsayin ruwan ƙazanta. Bari mu kawo misali. A ce an yanka unguwa mai gida 500, kowane gida da mutum 8, watau mutum 4,000 ke nan. In kowa ya yi amfani da lita 60 a yini, an sami lita 240,000, daga ciki kuwa lita 192,000 za ta fito da dauɗa. Wannan ya kai cikin tankar ruwa 19 mai ɗaukar lita 10,000, kowace rana ta Allah, rani da damina. Wanda ya yanka unguwa bai yi lissafin nan ba, ya bar wa mazaunanta bashin da za su biya da lafiyarsu.

ABIN DA KE FARUWA IN BA A YI TANADI BA

Wanda ya dubi Dutsen Zuma ya ga irin abin da ke ƙarƙashin ƙasar wannan yanki. A wurare da yawa ƙasar ba ta da zurfi, in an haƙa kaɗan sai a tarar da dutse. Dutse ba ya shan ruwa, sai dai ruwan ya bi tsagoginsa, ruwan da ya bi tsaga kuwa ba ya tacewa kamar wanda ya ratsa yashi. Da damina ta yi nisa, wajen Agusta da Satumba, ruwan ƙasa yakan taso kusa. A lokacin nan masai da rijiyar da ke fuloti ɗaya sukan zama kamar tukunya biyu da aka huda tsakaninsu.

Ta haka ne kwalara, watau cutar amai da gudawa, take yaɗuwa, haka kuma zazzaɓin taifot, da atuni, da shan inna, da tsutsar ciki. Kwalara ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970. A 1991 ta kama mutum sama da 59,000, ta kashe sama da 7,000. A 2021 an sami rahoton mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu, sama da 3,600 suka riga mu gidan gaskiya, yawancinsu a jihohin Arewa. Bayan wannan, dagwalon da ke kwance a bayan gidaje matattarar sauro ne.

Ba yau aka gano alaƙar masai da rijiya ba. A 1854 kwalara ta kashe mutum sama da 600 a wata unguwa ta birnin Landan. Wani likita, John Snow, ya bi gidajen mamatan ɗaya bayan ɗaya, ya gano kusan dukkansu daga rijiya guda suke sha. Da aka bincika sai aka tarar akwai tsohon ramin masai dab da rijiyar. Daga 1859 Landan ta shiga aikin shimfiɗa manyan magudanai, aka shafe shekaru ana fasa titunan da aka riga aka gina, aka kashe dukiya mai yawa. Sun yi aikin ne bayan tukunya ta bushe.

Akwai kuma batun ambaliya. Mutanen Suleja ba za su manta da ambaliyar watan Yuli na 2017 ba, wadda ta ci rayuka ta kuma rushe gidaje. Inda aka yi gini a kan hanyar ruwa, aka cika kwatoci da shara, ruwan sama yakan shiga masai ya fito da abin da ke ciki, ya bi da shi ɗakuna da rijiyoyi, sa'an nan ya gangara Kogin Iku, inda waɗansu ke wanka da wanki da ban-ruwan lambu.

HANYOYI BIYU DA AKE BI

Hanya ta farko ita ce kowane gida ya sarrafa ƙazantarsa a cikin filinsa. Inda ba famfo, masai mai bututun iska ya wadatar. Dogon bututu yakan fitar da wari sama, ragar da ke bakinsa kuma ta hana ƙuda fita. Inda akwai bayan gida na ruwa, sai a gina tankin masai da sokawe. Mutane da yawa sukan ɗauka abu ɗaya ne, alhali kuwa aikinsu dabam. Tanki ana gina shi da bulo da siminti, a shafe shi ciki yadda ba zai yi yoyo ba, a raba shi ɗaki biyu, na farko ya ninka na biyu girma. Ruwa yakan kwana a ciki aƙalla yini guda, mai nauyi ya kwanta a ƙasa, maiƙo ya taso sama. Ruwan tsakiya shi ke wucewa sokawe, watau ramin da aka bar wa kafofi domin ƙasa ta shanye ruwan ta tace shi.

Wannan hanya tana da sharuɗɗa. Lalle sokawe ko masai ya nisanci rijiya da kimanin mita 30, ya kasance a gangaren rijiyar, ba a samanta ba. Lalle gindin ramin ya ɗara ruwan ƙasa da aƙalla mita ɗaya da rabi, ko da a tsakiyar damina. To, fulotin da aka saba yankawa mai ƙafa 50 da ƙafa 100, tsawonsa duka kimanin mita 30 ne kawai. Ke nan in kowane gida ya haƙa rijiya da sokawe, babu yadda za a cika sharaɗin, domin in ka nisanta sokawenka daga rijiyarka, ka kusantar da shi ga ta maƙwabcinka.

Hanya ta biyu ita ce a haɗa gidajen unguwa duka da bututan ƙarƙashin ƙasa, su kai ruwan wuri guda a tace shi. Ita ce ta dace da unguwa mai cunkoso, ko mai dutse kusa, ko mai ruwan ƙasa kusa. Sharaɗinta shi ne a sami isasshen ruwa a gidaje wanda zai riƙa kora ƙazantar cikin bututu. Akwai kuma tsaka-tsaki, inda kowane gida ke da tankinsa, amma ruwan da ya fito daga tankin ƙaramin bututu ne ke kwashe shi zuwa matata maimakon sokawe.

YADDA AKE GINA MAGUDANAR UNGUWA

1. Awo. Safiyo zai auna filin ya fitar da taswirar tudu da kwari. Injiniya zai haƙa ramukan gwaji ya ga zurfin dutse, da saurin da ƙasa ke shan ruwa, da inda ruwan ƙasa ke tsayawa. Gwajin da aka yi da rani kaɗai yaudara ne, sai an sake shi da damina.

2. Lissafi. Ana ƙiyasta yawan mutanen da za su zauna sa'ad da unguwar ta cika, nan da shekara 20 ko 30, ba na ranar buɗewa ba.

3. Keɓe fili. A gangaren unguwa ake keɓe wurin matata, nesa da gidaje, inda ambaliya ba ta kaiwa. Haka kuma ana barin hanyar da bututu zai bi. Wannan fili ba na sayarwa ba ne, ko da wa ya nema.

4. Raba ruwa biyu. Ruwan sama ya bi kwata, ruwan ƙazanta ya bi bututu. In aka haɗa su, mamakon ruwa guda ya isa ya cika bututun ya maido ƙazanta cikin gidaje.

5. Shimfiɗa bututu. Ana yin sa kafin a zuba kwalta. Bututun gida yakan zama mai inci 4, na layi kuma inci 6 ko fiye. Ana zuba yashi a gindin rami a kwantar da bututu a kai, a ba shi gangara daidai. Magina sun saba ba mai inci 4 gangarar ƙafa 1 cikin ƙafa 40. In gangara ta yi kaɗan ƙazanta takan kwanta ta toshe hanya. Inda bututun ƙazanta ya gitta na ruwan sha, na ƙazanta ne a ƙasa.

6. Ramukan dubawa. A duk inda bututu ya yi kwana ko ya haɗu da wani, ana gina rami mai murfi mai nauyi, domin ta nan ake zura sanda a buɗe toshiya.

7. Gwaji. Kafin a maida ƙasa, ana toshe bututu a cika shi da ruwa a ga ko yana yoyo. Sa'an nan a zana taswirar inda kowane bututu ya bi, a ajiye kwafinta a ofishin hukuma da wurin shugabannin unguwa.

INDA AKE TACE RUWAN

Kada a ɗauka aiki ya ƙare da shimfiɗa bututu. Bututun da ya tara ƙazantar gida 500 ya juye ta cikin rafi ba tacewa, ɓarnarsa ta fi ta rashinsa.

Babbar matatar Abuja tana Wupa. An buɗe ta a 2007, an kuma tsara ta domin ɗaukar ƙazantar mutum kimanin 700,000. A can injuna ne ke kaɗa iska cikin ruwan domin ƙananan halittu masu cin dauɗa su yi aikinsu da sauri. Irin wannan matata tana bukatar wutar lantarki dare da rana, da ƙwararrun ma'aikata, da kayan gyara.

Ga unguwa guda akwai hanya mai sauƙi wadda ta dace da ƙasa mai zafin rana irin tamu, watau jerin tafkuna. Tafki na farko mai zurfi ne, mita 3 ko fiye, a nan mai nauyi ke kwanciya ya ruɓe. Na biyu mai faɗi ne, zurfinsa bai wuce mita 2 ba. A nan gansakuka ke tsiro da taimakon hasken rana, tana ba ruwan iskar da halittun nan masu cin dauɗa ke bukata. Na uku ya fi su rashin zurfi, a nan rana ke kashe sauran ƙwayoyin cuta. Ruwa yakan yi mako uku zuwa huɗu kafin ya gama ratsa su. Ba a bukatar inji, sai fili mai yalwa, da shinge domin yara da dabbobi, da mai nome ciyawar gefe don kada sauro ya sami mafaka. Ruwan da ya fito, in an gwada shi ya cika ƙa'ida, ya isa ban-ruwan itatuwa da gonaki. Lakar da aka kwashe kuwa, in ta daɗe tana bushewa, taki ce.

WA ZAI BIYA, WA ZAI KULA?

Kuɗin magudana, kamar na titi, cikin kuɗin fili ya kamata ya shiga. In an raba shi bisa fuloti 500 tun farko, nauyin kowa ba zai kai na fasa titi da katanga daga baya ba. Bayan gini kuma akwai kuɗin kula, wanda mazauna za su riƙa tarawa wata wata. Magudanai da yawa a ƙasar nan an gina su da kyau, rashin kula ne ya kashe su.

Kada kuma a ce talaka ba zai iya ba. A unguwar Orangi ta birnin Karachi a Pakistan, daga 1980, Dakta Akhtar Hameed Khan ya shirya mazauna layi layi. Kowane layi ya zaɓi shugaba, ya tara kuɗi, ya shimfiɗa bututunsa bisa shawarar masana, hukuma kuma aka bar mata babban bututu da matata. Dubban layuka suka sami magudana ta wannan hanya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Doka ma ta yi magana. Dokar Tsara Birane ta 1992 ta hana fara gini sai da izinin hukuma. Doka mai lamba 86 ta 1992 ta wajabta binciken illar aiki ga muhalli kafin a gina rukunin gidaje mai faɗin hekta 50 ko fiye, ko matatar ruwan ƙazanta ta gari. A Jihar Neja, Hukumar Raya Birane ce ke duba taswirar gini, Hukumar Kare Muhalli kuma tana lura da zubar da ƙazanta, ga kuma duba-gari na ƙaramar hukuma. A 2019 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da yaƙi da yin bayan gida a fili, a 2022 kuwa Jigawa ta zama jiha ta farko da aka tabbatar ta kawar da wannan ɗabi'a. Amma gina masai rabin aiki ne, sauran rabin shi ne sanin inda abin da ke cikinsa zai ƙare.

ABIN DA AKE BUKATA DAGA GARE KA

Kafin ka biya kuɗin fili, nemi a nuna maka taswirar unguwar mai hatimin hukuma, ka ga inda aka keɓe wa kwata da bututu da matata. In babu, ka yi tunani sau biyu.

Kada ka sayi fili a bakin rafi ko a kan hanyar ruwa, kome arharsa.

Kafin ka haƙa rijiya ko sokawe, ka yi shawara da maƙwabtanka na kowane gefe da kuma duba-gari.

Kada ka juya bututun bayan gidanka cikin kwata, kada kuma ka buɗe tankinka da dare in ana ruwa.

Kada a jefa tsumma, ko leda, ko ƙunzugun yara, ko toka, ko baƙin mai cikin masai na ruwa.

A duba tanki kowace shekara. In laka ta kai sulusinsa, a kira motar yashewa, a kuma tabbata wurin da hukuma ta keɓe za ta kai, ba rafi ko gonar wani ba.

Kada kowa ya shiga cikin tankin masai, ko da an kwashe shi. Iskar da ke ciki takan kashe mutum nan take, ta kuma kashe wanda ya shiga ceton sa.

In aka ga amai da gudawa a gida, a fara ba maras lafiya ruwan gishiri da sukari, a garzaya da shi asibiti, a kuma sanar da ma'aikatan lafiya domin a duba ruwan da ake sha.

KAMMALAWA

Muddin Abuja tana bunƙasa, Suleja ba za ta daina faɗaɗa ba. Gonar da ake nomawa bana, baɗi tana iya zama unguwa. Ana roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni, da malamai da limamai, da ƙungiyoyin magina da na dillalan filaye, su taimaka wajen isar da wannan bayani ga jama'a. Duk inda aka ga an fara kafa turakun sabuwar unguwa, a tambayi masu aikin inda ruwan ƙazanta zai bi, a kuma nemi ganin amsar a kan taswira tun ba a sauke bulo ba.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.